Jita Biyu, Tobias Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama a gidan giyar Rimuka, nan garinmu Kadoma, ko da na kwalba ɗaya ne, ya san cewa Tobias Gwatidzo ne uban kiɗan jita a ƙasar nan. Ya sani ne saboda Tobias ya gaya masa. Ko bai tambaya ba zai gaya masa. In kurma ne, ya kwatanta masa da hannu.

"Ka ga yatsun nan?" haka yake farawa, ya baza su a fuskar mutum. "A ido goma ne. In na rungumi jita, ashirin suke komawa."

Ni sunana Dzingai, ni ne sahwira na gidansu, wato abokin wasa, kuma gado na yi wurin ubana. Aikina a duniya in zolayi Tobias. Ranar da ya mutu ma ni zan tsaya kan gawarsa in kwaikwayi tafiyarsa jama'a su yi dariya. Ba shi da ikon yin fushi da ni. Yakan yi, amma ba shi da iko.

To, a cikin cika-bakin nasa akwai gaskiya, sai dai rabi ce. Tun ina ɗan gajeren wando wasu samari huɗu na unguwarmu suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Nyenze, suka buga faifai guda ɗaya tak, Ruwa Kan Kwano. Sunan ya dace. Jitar da ke ciki siririyar murya gare ta, garau, tana zubowa ba tsayawa kamar yayyafi a kan rufin kwano. Faifan bai yi kasuwa ba. 'Yan gidan rediyo suka ce ba shi da nauyi, kiɗan yara ne. Mai shagon faifai na garinmu da kwalinsa yake fifita in ana zafi. Ƙungiya ta watse. Amma makaɗan babban birninmu Harare, munafukai, kowa ya saya ya ɓoye a ƙarƙashin katifa yana sata kaɗan-kaɗan. Yau ka shiga kowace kombi, wato motar haya, ka kasa kunne, jitar da za ka ji jikar wannan faifai ce.

Abin da Tobias ba ya faɗa shi ne, jita biyu ce a faifan. Dabarar masu kaɗa mbira, abin kiɗanmu na gargajiya, suka ɗauko: ɗaya ya ja, ɗayan ya bi yana cusa nasa bugun a tsakanin na farkon, kamar mata biyu suna lugude a turmi guda. Mai sauraro sai ya rantse mutum ɗaya ne mai hannun aljani. Mai ja shi ne Lameck, yayan matar Tobias. Tobias mai bi ne. Sai dai ranar ɗaukar hoton kwali Lameck ya sha maganin tsutsar ciki, yana bayan gida, aka ɗauki hoto babu shi. Bayan haka kuma ya shiga cocin masu fararen riguna, waɗanda ke addu'a a kan dutse, ya aske kai ƙwal, ya tara gemu, ya rantse ba zai sake taɓa jita ba. Mai ganga ya rasu, mai waƙa ya ɓace a Joni, birnin ci-rani can ƙetaren iyaka. Fili ya zama na Tobias.

Ran nan da hantsi muna zaune a inuwar gidan giyar, sai ga wata budurwa da jita a baya, gashinta a murɗe kamar igiyoyi, samari biyu na biye da ita. Ta durƙusa gaban Tobias ta tafa hannu ta gaishe shi.

"Kaka, ni ce Nyaradzo, daga Harare muke. Kai ne na jikin kwalin Ruwa Kan Kwano?"

Tobias ya gyara zama, ya turo tumbi gaba. "Kin makara, jikata. Tun ina da gashi nake jiran wannan tambaya."

Ta ce a akwatin kakarta ta tsinci faifan, kuma duk abin da ƙungiyarsu ta iya, a nan suka koya. Ta ce abin kunya ne a ce ƙasa ba ta san Nyenze ba. Don haka za su yi wasa a filin gidan giyar ranar Asabar ta ƙarshen wata, kuma sun kawo mai zane zai zana fuskar makaɗin jitar a babbar katangar da ke kallon tashar kombi, kowa ya gani.

"Fuska ɗaya?" in ji Tobias.

"Ai kai kaɗai ne da jita a hoton. Amma Kaka, mu sai mu biyu muke iya fitar da kiɗan nan. Da gaske kai kaɗai ka kaɗa?"

"Ku biyu? Kai, yaran zamani! Taliya ta kashe muku yatsu. Ni kaɗai. A waƙa ta uku ma da hannu ɗaya na kaɗa, ɗayan ina ɓarar gyaɗa."

Ni kuwa ina gefe, bakina na ƙaiƙayi. Na ce, "'Yata, faɗa da baki ba ta isa ba. Ranar wasan ya hau dandali ya kaɗa muku shi kaɗai, ku koya."

Giya ta shaƙe Tobias. Yaran suka hau tsalle suna tafi.

"Ko yatsun sun koma goma ne, sahwira?" na tambaye shi.

"Ashirin da biyu!" ya ce yana tari, yana harara ta kamar zai haɗiye ni.

Da yamma na bi shi gida. Ya jawo jitar daga ƙarƙashin gado, ya hure ƙura, ya kaɗa abin da ya iya. Ting. Shiru. Ting-ting. Shiru. Ting.

Matarsa, Maman Shupikai, tana kan keken ɗinkinta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Baban Shupikai, famfo ne ke ɗiga ko kai ne?"

"Ɗumama yatsu nake yi."

"In rabin da ya ɓace kake nema, yana can kan dutse yana addu'a. Je ka roƙi Yaya."

"In roƙi wa? Mutumin da ya ce jitata ƙanwar Shaiɗan ce? Kuma ba ki ji ba ne, fuska ɗaya aka ce!"

"Ni dai ba a tambaye ni ba," ta ce, ta ci gaba da taka kekenta.

Washegari Tobias ya gano inda matsalar take: ƙarancin tsirkiya. Jita biyu, tsirkiya goma sha biyu ke nan. To me zai hana a tara su a jita ɗaya? Ya je wurin mai gyaran keke ya kwaso wayar birki, ya huda kan jitar da ƙusa mai zafi, ya ɗaura shida. Ya duba, ya ce tunda akwai wuri bari ya ƙara uku saboda baƙi. Ya hau murɗawa. Wuyan jita ya fara lanƙwasa kamar ayaba.

Na ce, "Sahwira, kuka take yi fa."

"Murna ce."

Ɗas! Wuyan ya ɓalle, ya tashi sama da wayoyinsa, ya tsallake shinge, ya faɗa tukunyar maƙwabciya ta sadza, wato tuwon masara. Wata waya ta zabge zakaran gidan a wutsiya, ya haye rufi yana ihu da tsakar rana.

Maƙwabciya ta leƙo da muciya a hannu. "Baban Shupikai! Nama muka rasa a gidan nan, ba katako ba!"

"Ki ajiye shi da kyau, Mama," in ji Tobias. "Nan gaba gidan tarihi za su zo nema."

Muka tsamo wuyan, muka wanke, muka ɗaure shi da roba da ƙusa. Na aro masa wata jitar wurin mai askinmu, ya zama yana da biyu. Sai na ba shi shawara irin ta masoyi. Na ce, "Ashirin ɗin da kake faɗa, ai har da na ƙafa ne. Ɗaya a hannu, ɗaya a ƙasa."

Ya kalli ƙafafunsa kamar yau ya fara ganinsu. "Dama abin da nake shirin yi ke nan," ya ce.

Ya yanke faratan ƙafa ya bar na babban yatsa don bugu. Ya zauna a tsakar gida, jita a cinya, jita a ƙasa. Kafin a jima shinge ya cika da kawuna. Hannu ya ce ting, ƙafa ta ce gurum. Hannu ya ce ting, ƙafa ta ƙi zuwa. Ya sunkuya ya jawo ta da ƙarfi don ya nuna mata wurin, sai ƙugu ya ce ƙas. Tobias ya naɗe kamar kujerar coci, gwiwa a kunne, ya kasa miƙewa.

A baro na tura shi asibitin unguwa, kuma da gangan na bi ta tsakiyar kasuwa.

"Dzingai, nawa kilo?" in ji mahauci.

"Ba na sayarwa ba ne, na gidan tarihi ne!"

Tobias daga cikin baro yana ɗaga wa mutane hannu. "Atisaye ne! Haka manyan makaɗa suke yi a waje!"

Malamar asibiti ta dube shi sama da ƙasa. "Baba, me ya kai ƙafarka wuyanka?"

"Fasaha, 'yata."

"To fasahar ta kwanta ta huta." Ta danna masa allura, ya yi ƙarar da ta fi duk kiɗan da ya yi a makon daɗi.

Yana kwance a gida yana jinya, ba abin kallo sai matarsa tana ɗinki. Ƙafa na takawa, ƙafar keke na juyawa, taka-taka-taka, ba gajiya, ba kuskure. Na ga idonsa ya ƙyalla, na san mun shiga uku.

Ranar Alhamis da ta tafi taron matan coci muka tasar wa keken. Ya ɗaure tsohuwar jitar a ƙarƙashin teburin keken. Ya kawo ƙafar keken hawa, ya ɗaɗɗaura mata cokula a jikin wayoyi, ya haɗa ta da bel. In ya taka, ƙafar ta juya, cokula su riƙa tsinkar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Lameck na ƙarfe ke nan, wanda ba ya addu'a, ba ya neman katanga. Muka gwada. Tsakani da Allah, in ya taka a hankali, abin yana kama da ruwa kan kwano. Kwanon da yara ke jifa da tsakuwa, amma dai kwano.

Muna cikin haka Maman Shupikai ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi kekenta, ta dubi cokulanta.

"Da me za mu ci abinci?"

"Da hannu, kamar iyayenmu. Uwargida, aron yini ɗaya ne. Fuskar mijinki fa za a sa a katanga."

"Fuskar da nake gani kullum kyauta?" Ta matso ta nuna shi da yatsa. "Ka ji ni da kyau. Na saita allurata, na saita zarena. Ka cire min ko ɗaya, ka koma cin abinci a gidan giya har ka mutu."

Saboda haka aka bar allura da zare a inda suke. Ya rufe komai da babban zanen teburinta mai furanni. Kan keken ya yi tudu a ƙarƙashin zanen, ya ce in an tambaya a ce na'urar ƙara sauti ce daga Joni.

Ni ma ban zauna ba. Ranar Juma'a na hau dutse na sami Lameck cikin farar riga, riƙe da doguwar sandarsa. Na ce, "Baba, gobe Shaiɗan zai kama surukinka a bainar jama'a. Ka zo ka tsaya kusa, ko addu'arka ta rage masa."

Ya shafa gemu. "Zan zo saboda ƙanwata. Amma kunnena a toshe yake ga kiɗan duniya."

Asabar da la'asar fili ya cika maƙil. Mai farfesun ƙafar saniya ta kafa tukunyarta, masu gugguru na yawo, direbobin kombi sun bar fasinja a mota sun zo kallo. Mai zane tun safe yake aiki. Tsaninsa ɗaya ne, don haka sai ya gama duk inda hannunsa ya kai kafin ya matsar da shi. Ya gama gefen hagu tsaf: ido ɗaya, kunne ɗaya, rabin hanci, rabin gashin baki. Lameck na zaune a layin gaba kamar gunkin gishiri.

Su Nyaradzo suka yi nasu, aka tafa. Sannan ta ce, "Jama'a, ga wanda ya haife mu duka!"

Tobias ya hau dandali cikin doguwar kwat ɗin da ya sa a hoton kwali, wadda yanzu maɓallanta ba sa ga maciji da juna. Muka ɗora masa teburinsa. Ya zauna, ya cusa ƙafa ƙarƙashin zane, ya ce a lasifika, "Yara, ku buɗe ido. Abin da za ku gani ba a koyar da shi a makaranta."

Ya taka. Ya kaɗa. Kai, abin ya tashi! Tsofaffi suka gane waƙar, wata ta rangaɗa guɗa. Nyaradzo ta dafe kai tana kallon yatsunsa, ta kasa gane ta ina sauran sautin ke fitowa. Tafi ya ɓarke.

Tafin ne ya kashe shi. Ya shiga ta kunne, ya hau kai, ya gangaro ƙafa. Ƙafa ta ƙara wuta. Yayyafi ya koma ruwan sama, ruwan sama ya koma ƙanƙara. Hannu na bin ƙafa da gudu yana haki. Cokali na farko ya fito ta ƙarƙashin zane kamar harsashi, ya faɗa tukunyar farfesu, tsulum. Na biyu ya bugi bokitin mai zane.

"Wa ke jifa?" mai farfesu ta yi ihu.

Can sama kuma allura na aikinta. Ta cafki zanen tebur, ta haɗa da bindin kwat ɗin Tobias, ta hau ɗinki, taka-taka-taka. Muka ga mutum yana karkacewa gefe a hankali kamar jirgin ruwa zai nutse, yana murmushi.

"Salon Joni ne!" ya faɗa a lasifika, kuncinsa ya kusa taɓa tebur.

Maman Shupikai ta miƙe daga cikin taro. "Zarena! Zaren ɗinkin bikin mutane ne, Baban Shupikai!"

Ya zabura ya miƙe don ya ƙwaci kansa. Zane ya biyo shi gaba ɗaya. Ga keken ɗinki tsirara a gaban duniya, ga jita ɗaure a ƙasa, ga cokula na lilo. Bel ya tsinke, ƙafar keken hawan ta fice, ta sauka dandali, ta ratsa tsakiyar jama'a, ta nufi tasha, wani kare ya rufa mata baya.

Sai wani direba ya ɗaga murya, "Tela! In ka gama akwai wandona!"

Dariya ta tashi har da masu faɗuwa daga benci. Ni kam sai da aka yi min fifita.

Nyaradzo, yarinyar kirki, ta matso ta ce a hankali, "Kaka, bar injin. Kaɗa mana da hannunka kawai."

Tobias ba ya ja da baya, wannan kam na ba shi. Ya tsaya da zane mai furanni yana ja a bayansa kamar amarya, ya ɗaga haɓa, ya kaɗa.

Ting. Shiru. Ting-ting. Shiru.

"Ina sauran?" wani mashayi ya tambaya. "Ɓera ya ci?"

Ting. Shiru. Ting.

Sai a cikin shirun nan aka ji wani abu siriri: tiri-riri-ri. Kowa ya waiga. Daga cikin gemun Lameck yake fitowa. Ya toshe baki da hannu, abin ya fito ta hanci. Yatsunsa na gudu a jikin sanda, sama da ƙasa.

"Ba ni ba ne!" ya ce. "Jaraba ce! Ku yi min addu'a!"

Ting, in ji Tobias. Tiri-riri-ri, in ji gemu. Ting-ting. Tiri-ri. Ruwa ya sauko kan kwano sak yadda yake a faifai. Tsofaffi suka zubar da sanduna suka shiga rawa. Tobias ya ji daɗi ya yi gaggawa, ya taka bugun Lameck.

Lameck ya miƙe tsaye, ya buga sanda a ƙasa. "Sakarai! A bayana kake shigowa, ba a kaina ba! Tun muna samari nake gaya maka! Ni nake ja, kai kake bi!"

A gaban lasifika ya faɗa. Har 'yan tasha sun ji.

Nyaradzo ta dubi Lameck, ta dubi Tobias, ta dubi abokan kiɗanta. "Ashe ba taliya ba ce," ta ce. Ta juya ga mai zane, wanda ya ɗauki tsani zai koma dama. "Tsaya! Wancan rabin na wannan Baban ne."

"Fuskata?" in ji Lameck. "A katangar gidan giya? Ni, dattijon coci? Yaro, ka ɗiga fenti ɗaya da sunana, in karya sandar nan a bayanka." Ya tattare farar rigarsa ya fice, hancinsa na ta tiri-riri har ya sha kwana.

"To shi ke nan, ya yafe!" in ji Tobias. "A ƙarasa tawa!"

Nyaradzo ta durƙusa ta tafa hannu cikin ladabi. "Kaka, rabi ka kaɗa."

Mai zane ya wanke burushinsa. Maman Shupikai ta hau dandali da almakashi. Ta dubi zanenta, ta dubi kwat ɗin tarihi, ba ta yi dogon tunani ba ta datse kwat ɗin. Ta sa ni na ɗora kekenta a baro, ta sa mijinta ya tura, bayansa a buɗe, yara na binsa suna ting, ting-ting.

Na ɗauka zai yi wata guda bai fito ba. Ina! Washegari bayan an taso coci na same shi a tasha, ya kafa kujera daidai ƙarƙashin katangar, ido ɗaya da rabin gashin baki na kallon gari ta saman kansa. Wata kombi ta tsaya, wani baƙo ya leƙo ta taga, ya dubi zanen, ya dubi Tobias.

"Baba, kai ne wancan? To ina sauran fuskar?"

Tobias ya kurɓi giyarsa, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ɗana, sun yi iya ƙoƙarinsu. Katangar ce ta yi kaɗan."